Bobo Ergash a Cikin Talabijin

Ban dawo gida don in zauna ina tsintar shinkafa ba. Haka na gaya wa mahaifiyata tun ranar da motar haya ta sauke ni a bakin layinmu, bayan an rufe makarantar koyon aikin likita ta Andijon saboda korona. Ina shekara ta uku a lokacin. Na san sunan kowane ƙashi a jikin ɗan Adam, na taɓa riƙe huhu da hannuna, kuma ban yi niyyar mantawa ba don kawai maƙwabta sun fi son yarinya mai sunkuyar da kai.

Kafin a sallame mu, malamarmu ta cututtukan ƙirji ta zuba mana finafinai a waya. Gajeru ne, an yi su a ƙasashe daban-daban, aka ɗora musu murya da harshenmu. Wani yana nuna yadda cutar ke tashi daga bakin wannan ta faɗa hancin wancan, wani na wanke hannu ne, wani na kwantar da marar lafiya rub da ciki idan numfashi ya yi masa wuya. Akwai ma na motsa jiki, don tsofaffin da zaman gida ya sandarar musu da gwiwa. Ta ce mu nuna wa duk wanda ya yarda ya kalla.

Ni mutum ɗaya nake so ya kalla, kakana Bobo Ergash.

Bobo ya ƙare ƙuruciyarsa a masana'antar gurzar auduga, ya yi ritaya ya taho da ƙurar a ƙirjinsa. Tarinsa ne ke sanar da mu ya iso ƙofar gida. In ya hau matakalar ɗakinsa sai ya tsaya a tsakiya ya yi kamar yana duba inabi, alhali numfashi yake nema. Na ga hoton huhu irin nasa a makaranta, na kuma san cewa in cutar nan ta shiga ba za ta fita ta bar shi ba.

Ga shi kuma Bobo yana da Alhamis ɗinsa. Tun kafin a haifi mahaifina shi da abokansa suke haɗuwa duk Alhamis da rana su ci osh, dafa-dukar shinkafa da nama, wannan makon wani ya dafa, mako mai zuwa wani. Hukuma ta hana taro, an rufe gidan shayi, an rufe masallaci. Sai suka koma lambun Mirzakarim, tsohon malamin makaranta kuma babban abokin gardamar Bobo, inda katanga ke da tsawo. Da na yi magana Bobo ya ce su ba taro suke yi ba, abinci suke ci. Buta ɗaya, tawul ɗaya yana yawo daga hannu zuwa hannu, faranti ɗaya a tsakiya, gwiwa na gugar gwiwa, ana dariya ana tari.

Mahaifina yana Rasha wurin aikin gini, an rufe iyaka da shi a can. Mahaifiyata kuwa suruka ce. Ta fi shekara ashirin a gidan nan, ba ta taɓa ce wa Bobo a'a ba, sai dai ta dafa ƙirji don ladabi ta ce to. Saboda haka abin ya rage a kaina.

Da baki na fara. Na zauna na yi masa bayani tiryan-tiryan, yana yanka kankana yana saurare. Da na gama ya miƙo mini yanki ɗaya, ya ce ni shekara uku na yi ina karanta numfashi, shi kuwa ya kusa tamanin yana yin sa, to a cikinmu wa ya fi sani. Na ɗauko waya zan nuna masa fim, ya ce wannan abin kallon masu idon tururuwa ne.

To, in wayar ta yi ƙanƙanta, akwai abin da ya fi ta. Na shiga ɗakin baƙi na cicciɓo tsohuwar talabijin, na ɗaure ta a kan amalanken da muke ɗauko kankana daga gona, na nemo doguwar wayar lantarki na naɗe a kafaɗa. Dabarata ita ce in sa unguwa duka ta kalla, maganar ta zagayo ta same shi ta bakin wasu. Kullum da safe da kuma la'asar sai in tura amalanke, in sami inuwa in tsaya, in ƙwanƙwasa gida mafi kusa in roƙi a sa mini waya a wuta. Kowa ya kalla daga ƙofar gidansa, ba mai matsowa kusa da wani.

Wanda bai taɓa tura talabijin a amalanke cikin zafin Yuli ba, da takunkumi a fuska, kada ya yi mini maganar wahala. Tafin hannuna ya yi bororo, ya fashe, ya koma kanta. Ƙafar amalanken ta hagu tana da ra'ayin kanta, kullum magudanar ruwan bakin hanya take nufa. Maza suka ce jikar Ergash ta tafi zama likita ta dawo mai tallar kankana. Hola Mastura, maƙwabciyarmu ta tsallaken hanya, wadda harshenta ya fi allurar ɗinki tsini, ta leƙo ta tambaye ni ko ina da na Indiya, don ita in ba a yi rawa ba ba ta ganewa.

Amma mata sun kalla. Fim ɗin motsa jiki ya fi karɓuwa. Sai ka ga tsofaffi tsaye a ƙofofinsu suna ɗaga hannu sama suna juya ƙugu, kowace na yi wa ta gaba dariya. Mutanen da suka yi makonni ba su ga haƙoran juna ba. Ita kanta Hola Mastura na kama ta tana ɗaga ƙafa a bayan ƙyaure, ta ce sauro take kora.

Da na ga abin ya kama, wata Laraba da la'asar na ajiye amalanke a ƙofar gidanmu, daidai lokacin da Bobo da Mirzakarim ke zama a benci suna gyara duniya. Na shirya in fara da mai sauƙi, na wanke hannu, sannan in bi shi da na haɗarin taro. Na wanke hannun ban taɓa sa shi a unguwa ba, don mu dama wanke hannu ba a koya mana shi.

Likitan da ke ciki dogo ne mai furfura, da ganinsa mutumin kirki. Ya sa sabulu, ya bi tsakanin yatsu, ya murza babban yatsa, ya goge ƙarƙashin farce. Na saci kallon Bobo na ga yana gyaɗa kai, don shi mutum ne mai son a yi abu a gama shi. Zuciyata ta fara sanyi. Likita ya rufe famfo da gwiwar hannu, ya dubo mu ya yi murmushi. Sannan ya ɗaga hannayensa biyu ya yarfe su. Masu ɗaukar hoton ma sun rage gudun fim ɗin a wurin, har ana ganin ɗigon ruwan na tashi ɗaya bayan ɗaya suna ƙyalli.

Na kalli fim ɗin nan a makaranta, idona na kan yatsu, ban taɓa lura da ƙarshensa ba. A garinmu yaro na iya fasa kwanon shayi a yafe masa. Amma ya wanke hannu ya yarfe, ya watsar da albarkar gida ya kuma fantsama wa mutane, sai ya sha dundu, a kuma tambayi wace ce uwarsa.

Mirzakarim ya yi istigfari. Hola Mastura ta sa gefen ɗankwali ta goge fuska, sai ka ce ruwan ya tsallako gilashi ya same ta. Bobo ya dogara sanda ya miƙe a hankali.

"Nafosat, wannan ne malamin naki?"

Na ce babban likita ne, Bobojon, ƙasashe da yawa ana kallon sa.

"Ƙila haka ne. Amma uwarsa ba ta ƙarasa aikinta ba. Mutumin da bai san inda zai kai ruwan hannunsa ba, shi zai gaya mini inda zan kai ƙafata ranar Alhamis?"

Ya shige gida. Fim na biyu ni da amalanke muka kalla. Washegari ya sa hularsa mafi kyau ya tafi lambun Mirzakarim.

Daga ranar wutar gidajen unguwa ta fara lalacewa. Duk ƙofar da na ƙwanƙwasa sai a ce soket ɗin ya ƙone jiya-jiyan nan. Yara in sun hango ni sai su jera suna yarfe hannu. Na tsaya a tsakiyar layi na yi bayani, na ce hannun da aka yarfe ya bushe da iska ya fi tsabta a kan wanda aka goge da tawul ɗin da ya bi hannun mutum goma. Gaskiya na faɗa, kuma yau ma zan maimaita. Sai dai kafin magariba labari ya kai ƙarshen unguwa cewa jikar Ergash ta ce tawul ɗinmu ƙazanta ne. Na yanke ƙarshen fim ɗin. Mutane suka tsaya suna jiran wurin, da bai zo ba suka ce na ɓoye abin kunyarsa, ko me da me kuma na ɓoye a sauran.

Mahaifiyata ta roƙe ni in mayar da talabijin ɗakin baƙi, ta ce an fara yi mata shaguɓe a wurin famfo. Na ce ta yi haƙuri, ba zan mayar ba. Na ci gaba da fita safe da yamma kamar mai zuwa ofis. Wasu ranakun ba mai ba ni wuta sai mai gurasa, shi ma da sharaɗin in tsaya kusa da tanderu, kuma kada in sa mai yarfe. Ka ƙiyasta zafin rana, ka ƙara da na tanderu. Masu layin gurasa suna kallo ta gefen ido, suna nuna kamar bango suke dubawa. Na san suna gani, wannan ya ishe ni in sake fitowa gobe.

Abin da ba na iya jurewa shi ne Alhamis. Zai dawo yana ƙamshin nama da albasa, yana ba da labarin wanda ya kayar a gardama. Ni kuma in kwashe kwanakin da suka biyo baya ina kasa kunne ga tarinsa, ko ya canza, ko ya yi zurfi, in sami dalilin taɓa hannunsa wajen miƙa shayi don in ji ko da zazzaɓi. Motar asibiti ta fara shigowa layin bayanmu. A kantin magani layi ya kai har bakin titi.

Shi kuwa Bobo abin ya zame masa nishaɗi. Ni ke zuba masa ruwa kafin a ci abinci, sai ya mayar da kowane wanki darasi. Ki duba da kyau, a yi ƙasa da hannu, a bar ruwan ya gangara cikin tasa, a matse yatsu ɗaya-ɗaya. Wata rana yana tsakiyar haka ya ce da likitan nan nawa zai zo garin nan da ya koya masa a kyauta, har ya ba shi shayi.

Na ajiye buta.

"Shi ba zai iya zuwa ba, Bobojon, an rufe hanya. Amma ku ana iya aika ku. In ɗauke ku a waya in tura wa malamarmu, ita ta san inda za ta kai."

Ya ce shi ba shi da lokacin wasan yara. Muka ci abinci. Bayan sallar azahar na ji yana ce wa mahaifiyata ta goge masa farar rigarsa, ya kuma tambayi inda aka ajiye ƙaramin almakashi na gemu.

Ranar Juma'a da safe muka yi, a ƙarƙashin rumfar inabi. Na shimfiɗa masa sharuɗɗa. Dole a sa sabulu, kuma dole a daɗe kamar yadda likitan ya daɗe, in ba haka ba zai ce an tsallake wurin mai wuya. Bobo ya ce shi zai fi shi daɗewa. Ya wanke tsakanin yatsu, ya wanke farce, ya wuce wuyan hannu, har kumfa ta kusa kai masa gwiwar hannu. Da aka zo goge hannu na ɗan yi jim da tawul ɗin gida a kafaɗata, na ce ina tsoron likitan ya tambayi mutum nawa suka riga shi. Ya harare ni, ya kwance ƙyallen ɗamararsa ya goge da shi. Ya dubi waya ya sanar da duniya cewa a zamanin mahaifinsa kowane namiji da ɗamararsa yake goge hannu, tawul na taro lalacin mutanen yanzu ne. Mutumin da jiya-jiya ya yi faɗa a kan tawul ɗin nan.

Na zaci an gama. Ashe yanzu aka fara. Ban san me ke cikin ɗan ƙaramin idon wayar nan ba, amma ya shiga Bobo. Ya gyara zama, ya ɗaga yatsa. Ya yi wa likita nasiha a kan ladabi, ya ce bai riƙe shi a zuci ba. Ya koma kan samarin da ke yawo a babur ba takunkumi. Ya sauka kan matan da ke bi gida-gida da gulma suna raba cuta kamar gurasar biki, kuma a daidai nan na ga ɗankwalin Hola Mastura ya nutse a bayan katanga. Muryarsa tana ƙara tashi, ko tari ɗaya bai yi ba.

"Mutumin da ya san ciwon kansa, in annoba ta sauka, ƙofar gidansa yake zama. Ku dube ni. Ni Ergash ɗan Holmat, ba mai ganin ƙafata a gidan wani sai Allah ya ɗauke wannan abu."

Na sauke waya. Ni ba macuciya ba ce, don haka na tambaye shi a fili ko in yanke maganar ƙarshen nan.

"Na baƙon kika yanke don abin kunya ne. Nawa ina abin kunya a ciki? Ki taɓa kalma ɗaya ki gani. Duka za ki nuna."

Ina jin daɗin muryarsa kawai yake ji, bai saurari abin da ta ce ba. Na tura wa malamarmu kamar yadda na yi alkawari, ta amsa da cewa ta yi dariya har ta ƙware. Ko ya isa wurin likitan, wannan ban sani ba.

A yammacin ranar wutar unguwa ta warke gaba ɗaya. Gidajen da soket ɗinsu ya ƙone suka riƙa aiko a kira ni. Kowa na son ganin Bobo Ergash a talabijin, da farar riga da gyararren gemu, yana koya wa likitan ƙasar waje tarbiyya. Ni kuma na sa doka: ba a ganin Bobo sai an fara kallon na yaɗuwar cuta da na numfashi. Suka kalla, suka yi tambayoyi, wata ma ta sa na maimaita mata na kwanciya rub da ciki saboda mijinta. Na zaga layin makaranta, na zaga layin gidan wanka, na kai har gidajen bakin gona. Ƙafar amalanken ta hagu ta jefa ni magudana, mutane suka fito da gudu suka ciro amalanken, suna tambaya ko Bobo bai ji ciwo ba.

Shi yana zaune a benci yana karɓar gaisuwa. Hola Mastura ba ta yafe maganar gulma ba. Ta kalli fim ɗin duk inda na tsaya a kusa, bakinta na motsi, har ta haddace shi kamar karatu.

Alhamis ta zo. Da hantsi ya yi wanka, ya sa hula, ya ɗaura ɗamara, ya ɗauki sanda. Mahaifiyata ta dube ni. Duk jikina magana ne, amma na cije, na ci gaba da naɗe wayar lantarki kamar ban ga komai ba. A duk wahalar bazarar nan ba abin da ya kai wannan shirun nauyi. Ya fita, na bi shi zuwa ƙofa na tsaya.

Hola Mastura tana sharar ƙofar gida, wurin da ta riga ta share tun da safe.

"Yaya Ergash, ina zuwa haka da kwalliya? Ko Allah ya ɗauke abin ne mu ba mu ji ba?"

Ya ce ƙafa yake miƙewa. Ta ce madalla, sai dai ya kula kada ƙafar ta shiga gidan wani ba da saninsa ba, don ita ta ji wani dattijo ɗan Holmat ya yi magana a talabijin. Ya ƙara sauri. Mai gurasa ya leƙo daga tanderu ya dafa ƙirji, ya ce kullum yana gaya wa 'ya'yansa su dubi Bobo Ergash. Samarin babur biyu suka ja takunkumi sama da sauri da suka hango shi, suka gaishe shi kamar ɗan sanda. Tafiyarsa ta fara raguwa.

Kusa da kwana wata mata ta buɗe taga, amaryar gidan masu zuma. Ba da zolaya ta yi magana ba. Ta ce surukinta mai ciwon sukari ya ƙi jin maganar kowa, amma tun da ya ga Bobo ya ce in Ergash ya zauna shi ma ya zauna, yau kwanansa shida bai fita ba. Ta yi masa addu'a doguwa, ta shafa.

Bobo ya shafa shi ma, don ba yadda zai yi. Ya ƙarasa kwana ya tsaya. Daga nan ana hango katangar lambun Mirzakarim, har hayaƙin tukunya ana gani. Akwai wata tsohuwar bishiya a wurin. Ya ɗaga kai ya dube ta, ya ƙwanƙwasa gindinta da sanda, ya zagaya ta, ya gyaɗa kai kamar dama ita ya zo dubawa. Sannan ya juyo.

Ya wuce Hola Mastura bai dube ta ba, ya zauna a benci yana haki.

"Ke kika shirya wannan."

"Ku kuka faɗa, Bobojon. Ni waya kawai na riƙe."

Daga nan ya daina yi mini magana. Ina zaune a gabansa zai ce wa mahaifiyata ta gaya wa 'yarta shayin ya huce. Ban damu ba ko kaɗan. Mutumin da ke fushi da kai yana numfashi.

Da la'asar ɗin ranar sai ga Mirzakarim da kwanon osh ɗaure a ƙyalle. Ya ajiye a bakin magudana, ya ja baya ya tsaya, fuska a murtuke. Na zaci rashin zuwan Bobo ne ya ɓata masa rai. Ashe ba shi ba ne. Ya ce shi ya yi shekaru yana koyar da yara a garin nan, muryarsa tana kaiwa ƙarshen aji ba tare da ya ɗaga ta ba, amma da aka tashi sa mutum a talabijin sai aka ɗauki mai gurzar auduga. Bobo ya ce ai talabijin fuska take nema.

Na ce wa Mirzakarim ina da fim ɗin motsa huhu da ke buƙatar wanda zai yi shi da harshenmu da fuskarmu. Amma ba zan sa mutum yana koyar da numfashi ranar Laraba a gan shi cikin taro ranar Alhamis ba, mutuncin amalankena zai zube. Ya ce ai shi ya fi Ergash riƙe magana. Muka ɗauka a ƙofar gidansa, yana hura kyandir daga nesa yana kumbura kumatu. A ƙarshe, ba wanda ya sa shi, ya yi tasa rantsuwar, ya tabbatar ta fi ta Bobo tsawo.

Sauran suka biyo ɗaya bayan ɗaya, don ba wanda zai yarda a ce shi ne ba ya ciki. Wani ya yi na sa takunkumi a kan gemu, wani na buɗe tagogi. Wanda ba shi da abin koyarwa ya rera waƙar zamaninsu don masu jinya, kuma ita aka fi roƙo a sake. Kafin kankana ta ƙare a gona ba sauran mai zama a lambun. Osh ɗin dai ba a fasa ba. Wanda layi ya zo kansa ya dafa, a zuba kwano-kwano a kai wa kowa ƙofar gidansa. Bobo yana cin nasa a benci yana kushe shi da ƙarfi, don mai dafawar ya samu labari.

Cutar ta shiga layinmu a watan Agusta, ta kwantar da mutane, ciki har da Hola Mastura, wadda ta yi jinyarta rub da ciki tana ba da umarni ta taga har ta miƙe. Gidanmu ba ta shigo ba.

Wata safiya ina ɗaure talabijin zan fita, na ji gyaran murya a bayana. Mahaifiyata tana ɗakin girki, ba wanda zai aika. Ya daɗe yana duban inabi kafin ya yi magana.

"An ce na Mirzakarim ya fi nawa tsawo."

Na ce haka ne, ya fi.

"To gobe ki kawo wayar nan. Akwai abubuwan da ban faɗa ba."

Na ja igiya na ƙulle, na gaya masa mutane da yawa sun riga shi kama layi, har da mata, sai dai ya jira. Ya buɗe baki zai yi faɗa, na ce ai ba sauri, tunda kullum yana gida. Na tura amalankena na fita.